Dinarin Kaisar: Yadda Ake Karanta Sura da Rubutun da Ke Jikinsa

Karatu: Matta 22:15-22, Markus 12:13-17, Luka 20:20-26

'Yan'uwanmu da yawa daga ikilisiyoyin Kafanchan, Kagoro, Kwoi, Zonkwa da sauran garuruwan kudancin Kaduna sun taɓa zuwa ziyarar ibada a ƙasar Isra'ila. In sun dawo sukan zo da tsaraba: man zaitun, ruwan Kogin Urdun a 'yar kwalba, gicciyen itace daga Baitalami. Wani lokaci a cikin tsarabar akan ga wata 'yar kwandala fara-fara da aka liƙe a kati, mai shago ya tabbatar wa mai saye cewa irin kuɗin da aka miƙa wa Ubangiji Yesu ke nan ranar da aka yi masa tambaya a kan haraji. Mai gida ya biya daloli masu kauri, ya adana ta tare da takardun gida, yana nuna wa baƙi da jikoki. To, ita ce kuwa da gaske?

Tambayar tana da amsa, kuma iyali za su iya fara nemanta a kan teburin cin abinci. Ubangiji da kansa ya nuna inda ake farawa, gama da aka kawo masa kuɗin abu biyu ya tambaya: surar wane ne a jiki, rubutun kuma na wane ne. Masana tsoffin kuɗaɗe a gidajen tarihi na duniya da waɗannan tambayoyi biyu suke farawa har yau. Abin da suke ƙarawa shi ne awo, da duban yadda aka ƙera kuɗin.

Mene ne dinari?

Da farko mu kawar da wani ruɗani da harshenmu ke jawowa. In Bahaushe ya ji kalmar dinari, zinariya ce ke faɗo masa a rai, kuma yana da hujja. Larabawa sun ari sunan daga Romawa suka sa wa kuɗinsu na zinariya, daga Larabci kuma kalmar ta shigo Hausa ta zama zinari da zinariya. Har yanzu kuɗin Jodan, Kuwaiti, Tunisiya, Aljeriya da Libiya dinari ake kiransa. Amma dinarin da ke cikin Sabon Alkawari na azurfa ne. Romawa suna da kuɗin zinariya dabam, wanda guda ɗaya yake daidai da dinari 25.

An fara buga dinari a Roma wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Almasihu, lokacin yaƙinsu da Hanibal na Kartaj. Sunan daga kalmar Latin mai nufin goma-goma ya fito, domin da fari ƙimarsa kuɗin tagulla goma ce. A zamanin Kaisar Augustas da Kaisar Tibariyas, wato zamanin rayuwar Ubangiji a duniya, nauyinsa ya ɗan gaza giram 4, faɗinsa milimita 18 zuwa 20, azurfarsa kuwa kusan tsantsa ce. Dattawan da suka riƙe tsohon sisi a hannu sun san girman, sai dai dinari ya fi sisi kauri da nauyi. Ƙaramin abu ne. Duk kwandalar da ta cika tafin hannu ba dinari ba ce.

Ƙimarsa kuwa Linjila ta nuna mana ita a wurare da dama. A misalin ma'aikatan gonar inabi cikin Matta 20, dinari guda shi ne ladan yini na ɗan ƙodago. Basamariyen nan mai tausayi dinari biyu ya bar wa mai masauki, wato ladan kwana biyu. Man ƙanshin da aka shafa wa Yesu a Baitanya an yi masa kuɗi dinari 300, kusan abin da ma'aikaci zai samu a shekara. Sojan Roma a zamanin Augustas dinari 225 yake karɓa a shekara, a ciki kuma ake cire kuɗin abincinsa da tufafinsa. Saboda haka da Wahayin Yohanna 6:6 ya yi maganar mudun alkama guda a kan dinari, masu ji na farko sun gane nan take cewa yunwa ake nufi: mutum ya yi aiki tun safe har yamma ya sami abin da shi kaɗai zai ci, ban da iyalinsa.

Wani abin sha'awa: waɗanda suka yi makaranta kafin zuwan naira a watan Janairu na 1973 sun yi ta rubuta dinari a allo ba su sani ba. A lissafin fam da sule da kobo, taro akan rubuta shi 3d, sisi kuma 6d. Harafin d ɗin nan farkon sunan dinari ne a Latin.

Tambaya ta fari: surar wane ne?

A gaban dinarin zamanin sarakuna akwai kan mutum, an zana shi ta gefe, yawanci yana duban dama, da kambin ganye a kansa. Wannan al'ada ba ta daɗe ba kafin zuwan Almasihu. Yuliyas Kaisar ne ɗan Roma na farko da aka sa surarsa a kuɗin birnin yana da rai, a shekara ta 44 kafin haihuwar Almasihu, kuma a shekarar aka kashe shi. Daga Augustas zuwa gaba abin ya zama ƙa'ida. A daular da babu jarida ko hoto, ta kuɗi ne talaka a Masar ko Galili yake sanin fuskar mai mulkinsa.

Masu zanen hatimin sun iya aikinsu, ana gane sarakuna da yawa da kallo ɗaya. Nero, a ƙarshen mulkinsa, yana da kauran wuya da kumatu cike. Basfasiyan tsoho ne mai sanƙo da tamoji a goshi. Narba yana da dogon hanci lanƙwasasshe. Gemu ma alama ce mai amfani ƙwarai: sarakunan farko masu aske fuska ne, Hadiriyan, wanda ya hau mulki a shekara ta 117, shi ne ya fara barin cikakken gemu, magadansa suka bi shi. Idan aka nuna maka dinari mai cikakken gemu aka ce na zamanin Yesu ne, ka san an yi kuskuren kusan shekara ɗari.

A lura da abin da ke kan sarkin. In kambin ganye ne, ko kai ba komai, mai yiwuwa dinari ne. In kuwa kambi ne mai tsini-tsini kamar hasken rana, wani kuɗi ne dabam da Karakalla ya fito da shi a shekara ta 215, wanda aka ɗauka a matsayin dinari biyu ko da yake azurfar da ke cikinsa ba ta kai hakan ba. Irin wannan yana da yawa a shaguna, yana da araha, kuma shekara kusan 200 ne tsakaninsa da zamanin Bilatus.

Amma sura kaɗai ba ta isa ba. 'Yan gidan Augustas sun yi kama da juna a kuɗi, kuma kama da wane ba wane ba ne. Dole a koma ga rubutu.

Tambaya ta biyu: rubutun wane ne?

Nan ne mutane kan karaya, su ce ba su iya Latin ba. Ba a bukatar iya Latin. Kalmomin ba su fi ashirin ba, su ne ake ta maimaitawa shekara ɗaruruwa, kuma a taƙaice ake rubuta su. Abin da ke ba da wahala shi ne an jera haruffan kewaye da kan sarki ba tare da tazara sosai ba, kuma Romawa ba su da harafin U ko J. Inda muke sa U su V suke sawa, inda muke sa J kuma I.

Ga abin da ke gaban dinarin Tibariyas, wanda ya yi mulki daga shekara ta 14 zuwa ta 37:

TI CAESAR DIVI AVG F AVGVSTVS

TI taƙaicen sunansa ne, Tibariyas. CAESAR shi ne Kaisar, asalinsa sunan gidan Yuliyas ne kafin ya zama sarauta. F yana nufin ɗa. AVG yana nufin Augustas, DIVI kuma na wanda aka mai da shi allah. Kalma ta ƙarshe, AVGVSTVS, laƙabin girma ne da shi Tibariyas ya gada. In aka haɗa, rubutun yana cewa: Tibariyas Kaisar Augustas, ɗan Augustas wanda ya zama allah. Majalisar dattawan Roma ce ta sanya Augustas cikin allolin ƙasa wata guda bayan mutuwarsa a shekara ta 14, aka gina masa haikali, aka naɗa masa firistoci.

A juya bayan kuɗin. Akwai mace zaune a kujera tana duban dama, da doguwar sanda a hannu ɗaya, da reshen itace a ɗaya hannun. Masana da yawa suna ganin Libiya ce, mahaifiyar Tibariyas, aka zana ta da siffar allahiyar salama. (Sunan mace ne, ba ƙasar Libiya ba.) Rubutun gefenta shi ne PONTIF MAXIM, wato babban firist, shugaban addinin gwamnatin Roma. An buga wannan dinari a garin da yanzu ake kira Liyon a ƙasar Faransa. Tibariyas mutum ne marar son canji, ya riƙe wannan zane ɗaya fiye da shekara ashirin, aka buga shi da yawan gaske. Ya yi tafiya mai nisa kuwa, har a kudancin Indiya an tono tarinsa, inda 'yan kasuwar Roma ke zuwa sayen barkono. Da yake rubutun bai canja ba, da ƙananan alamu masana ke raba na farkon mulki da na ƙarshe, kamar ƙafafun kujerar: a na farko miƙaƙƙu ne ba ado, a na baya an yi musu ado.

Akwai tarko guda a nan. Kalaudiyas, wanda aka ambata a Ayyukan Manzanni 11 da 18, shi ma sunansa na fari Tibariyas ne, kuɗinsa da TI yake farawa. Amma nan da nan CLAVD ke biyo baya. Haka kuma sunan ANTONINVS sarakuna da dama sun yi amfani da shi a ƙarni na biyu da na uku. Kada a tsaya a kalmar farko, a karanta rubutun har ƙarshe.

Sauran kalmomin da za a riƙa gamuwa da su su ne waɗannan. IMP laƙabin sarkin yaƙi ne mai nasara. P M shi ne babban firist a taƙaice. P P yana nufin uban ƙasa. COS muƙamin shugaban majalisa ne na shekara guda, lambar da ke bayansa tana nuna sau nawa sarkin ya riƙe shi. TR P kuwa ikon wakilin talakawa ne, wanda ake sabunta wa sarki kowace shekara. Wannan na ƙarshe shi ne mabuɗin sanin shekara, domin lambar da ke bayansa kusan ita ce shekarar sarautar.

Mu gwada da dinarin Domitiyan, sarkin da tsohuwar al'adar ikilisiya ta ce a zamaninsa ne aka kai Yohanna tsibirin Batmusa. A gaban wani dinarinsa an rubuta IMP CAES DOMIT AVG GERM P M TR P XII. DOMIT sunansa ne. GERM kirari ne na yaƙin da ya yi da Jamusawa. XII goma sha biyu ne, kamar yadda yara ke gani a fuskar agogon bango. Domitiyan ya hau mulki a watan Satumba na shekara ta 81, saboda haka shekararsa ta goma sha biyu ta kama daga Satumba na 92 zuwa Satumba na 93. Ga shi an san shekarar kuɗin, alhali ba a rubuta ta a jiki ba. Da irin wannan lissafi ne Luka ya yi amfani a sura 3 da ya ce Yohanna Mai Baftisma ya fara wa'azi a shekara ta goma sha biyar ta mulkin Tibariyas, wato wajen shekara ta 28 ko 29.

Daga nan kuma wata ƙa'ida ta fito da ba ta da togiya. Ƙidayar shekaru daga haihuwar Almasihu wani malamin ikilisiya ne mai suna Diyonisiyas ya tsara ta a shekara ta 525. Lambobin da muke rubutawa yau, 1, 2, 3, ba su shiga Turai ba sai bayan ƙarnuka. Duk kwandalar da aka ce ta Kaisar ce amma tana ɗauke da shekara irin tamu, ba sai an auna ta ba.

Ranar da aka kawo wa Yesu dinari

Wanda ya karanta rubutun nan zai ga nauyin abin da ya faru a Haikali. Harajin da ake magana a kai kuɗin kai ne da Roma ta ɗora wa Yahudiya bayan ƙidayar da Kiriniyas ya yi a shekara ta 6. Ƙidayar ce ta sa Yahuza Bagalile ya yi tawaye, kamar yadda Gamaliyel ya tuna a Ayyukan Manzanni 5:37. Mutanen ƙasarmu ba sa bukatar dogon bayani a kan zafin irin wannan haraji. Iyayenmu sun ba mu labarin yadda ake bin mazaje gida-gida a zamanin Turawa da na En'e, da yadda dole ta sa manomi ya sayar da hatsi ko ya tafi haƙar kuza don ya sami sulallan biya, tun da gwamnati ta daina karɓar wuri. Sai a 1979 gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a Jihar Kaduna.

Ga Bayahude mai kiyaye Shari'a abin ya wuce zancen kuɗi. Dinarin yana ɗauke da surar mutum, abin da Fitowa 20 ta sa suke ƙyama. Yana kiran mutum ɗan allah. Yana kiran arne babban firist, a birnin da yake da nasa babban firist. Gwamnonin Roma ma sun san da wannan, shi ya sa ƙananan kuɗin tagulla da Bilatus ya buga a Yahudiya tsakanin shekara ta 29 da ta 31 ba su da surar mutum. Farisiyawa da mutanen Hirudus sun zo da tarko mai baki biyu: in Yesu ya ce a biya, jama'a su juya masa baya, in ya ce kada a biya, a kai shi ƙara wurin gwamna. Shi kuwa sai ya ce a nuna masa kuɗin, aka kuwa kawo. Su da bakinsu suka faɗi mai surar. Tatuliyan, malamin ikilisiya ɗan Afirka ta Arewa wanda ya yi rubutu a Kartaj wajen shekara ta 200, ya haɗa amsar Yesu da Farawa 1:27. A fahimtarsa kuɗi na komawa ga wanda surarsa ke jiki, mutum kuma ga wanda aka halicce shi cikin surarsa.

Shin dinarin Tibariyas ɗin nan ne aka kawo a ranar? Shi ne ra'ayin da ya fi yaɗuwa, kuma yana da ƙarfi: Linjila ta ce dinari, Tibariyas ne ke kan mulki, zanen nan kuma shi ne nasa da ya cika duniya. Amma masu tono sun lura cewa dinarin Roma bai yawaita a Yahudiya ba kafin rushewar Haikali a shekara ta 70. Azurfar da ta fi yawo a can ita ce shekel na Taya, mai nauyin kimanin giram 14, da rubutun Girkanci da hoton gaggafa a baya. Rabinsa ake biya kuɗin Haikali, kuma masana da yawa suna ganin da shi aka biya Yahuza Iskariyoti azurfa talatin. A 1960 an gano wani tari a ƙauyen Isfiya a kan Dutsen Karmel, kuɗi wajen 4,500, mafi yawansu na Taya, dinarin Roma a ciki bai kai 200 ba. Saboda haka waɗansu masana sun fi karkata ga dinarin Augustas mai hoton jikokinsa biyu, Gayus da Lukiyas, tsaye da garkuwa da mashi, wanda ya riga na Tibariyas fitowa kuma shi ma yana da CAESAR da DIVI F a jiki. Waɗansu kuma sun kawo wani kuɗin azurfa na Antakiya. Ko wanne ne, surar Kaisar da da'awar allahntaka suna nan. Abin da ya kamata mai saye ya riƙe shi ne: ko dinarin na gaske ne, ba mai iya nuna cewa ya taɓa shiga Urushalima, balle hannun Ubangiji. Mai shagon da ya faɗa maka haka ciniki yake yi.

Awo da ƙira

In sura da rubutu sun yi daidai, saura a san ko tsoho ne ko sabo. Dinarin Tibariyas yana cikin kuɗin da aka fi yi wa jabu a duniya, saboda Kirista na nemansa.

A fara da sikeli. Na maƙeran fari ko na masu sayar da gwal a kasuwa ya isa. Dinarin Tibariyas yakan kama giram 3.5 zuwa 3.9. Na sarakunan baya sun fi sauƙi, domin Nero ya rage nauyin zuwa wajen giram 3.4 a shekara ta 64, ya kuma ƙara tagulla a ciki. Magadansa suka ci gaba da ragewa, har a zamanin Saftimiyas Sabiras, ɗan ƙasar Libiya da ya mulki Roma daga 193 zuwa 211, rabin dinari ne kawai azurfa. Zuwa shekarun 260 kuɗin azurfar Roma tagulla ce da aka yi wa wankan azurfa, farashin kaya kuma ya yi ta hawa. Mu da muka ga abin da ya sami kobo ba za mu yi mamaki ba.

Sa'an nan a dubi ƙirar. Romawa bugawa suke yi, ba zubi ba. Akan ɗora ɗan curin azurfa a kan hatimin da aka kafa a uwar maƙera, a ɗora wani hatimin a sama, a buga da guduma. Shi ya sa dinari na gaske ba ya zama da'ira sak, sau da yawa zanen ya ɗan goce gefe, wasu haruffa sun fita waje, akwai 'yan tsage-tsage a baki. Haruffan da suka fito kuwa suna da kaifi. Mai jabu yakan kwafi kuɗi guda a cikin yumɓu ko wani abu mai laushi ya yi ta zuba darma ko kuza ko ma azurfa. Zubi yana barin alamu: siririn layi kewaye da baki inda ɓangarorin biyu suka haɗu, ko sawun magagari inda aka goge layin, da ƙananan ramuka kamar na ƙuraje, da haruffa masu laushi kamar sabulun da ya sha ruwa. In ka ga biyu ko uku a shago ɗaya, iri ɗaya sak har da inda suka goce da inda suka tsage, to uwa ɗaya ta haife su jiya-jiya. Maganaɗisu yana taimakawa ta gefe guda kawai: abin da ya kama ba azurfa ba ne, amma darma da tagulla ma ba ya kama su.

Ba kowane kwafi ne na zamba ba. Gidajen tarihi suna sayar da kwafi domin koyarwa, da yawa an buga musu COPY ko WRL da ƙananan haruffa. A ganina malamin makarantar Lahadi da ya sayi irin wannan da saninsa, ya faɗa wa yara cewa kwafi ne, ya fi wanda ya zubar da kuɗin makarantar 'ya'yansa a kan abin da bai iya tantancewa ba. Dinarin Tibariyas na gaske daloli ɗaruruwa ake sayar da shi. Wanda aka miƙo maka a bakin motar 'yan ziyara a kan kuɗin abincin rana, araha ba ta ado. Mai niyyar sayen na gaske ya sani cewa a Isra'ila dillalai masu lasisin hukumar kayan tarihi ne kaɗai doka ta yarda su sayar, kuma sai da takardar izini ake fita da shi daga ƙasar.

Wanda aka tsinta a gona ko a akwatin kaka

Wani lokaci ba daga Urushalima kuɗin ya zo ba. Garma ce ta tono shi, ko an same shi a ƙullin tsohuwa bayan rasuwarta, da kan mutum da haruffan da ba wanda ya gane. Mulkin Roma a Afirka ya tsaya ne a gefen arewa na Sahara. Kayansu sun kai Fezzan a kudancin Libiya, kuma a kabarin Tin Hinan a kudancin Aljeriya, wanda aka buɗe a 1925, an sami tambarin kuɗin sarki Kustantin a kan ɗan fallen zinariya. Daga can zuwa Kagoro tafiya ce mai nisa. Abu biyu ne suka fi yiwuwa a wurinmu.

Na fari sulen Turawa ne. Sulen azurfa na Afirka ta Yamma da aka fara bugawa a 1913 yana da kan Sarki Joji na Biyar, rubutun gabansa kuma da Latin ne, har da GEORGIVS mai V a maimakon U, da IMP a ƙarshe, domin sarakunan Ingila sun kwaikwayi Romawa. Amma a bayansa akwai bishiyar kwakwa da rubutun Turanci da shekara, kuma da'ira ne sak, aikin inji.

Na biyu shi ne liyari, babbar kwandalar azurfa ta Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, wadda fatake suka yi ciniki da ita a ƙasar Hausa da Borno, mata kuma suka yi ado da ita. Ita ce ta fi ruɗa mutane, domin a rubutunta akwai R IMP, wato sarauniyar Romawa, laƙabin da gidan sarautarsu ke riƙe da shi. Nauyinta giram 28 ne, faɗinta wajen milimita 40, ta ninka dinari sau bakwai a nauyi. Tana kuma koya mana hattara da shekarar da ke jikin kuɗi: 1780 ce a jiki, shekarar da sarauniyar ta rasu, amma an ci gaba da buga ta da wannan shekara ɗin fiye da ƙarni biyu, a birane dabam-dabam.

Ko mene ne aka samu, kada a goge shi. Toka, yashi, lemun tsami da tsamiya suna cinye fuskar kuɗi, suna share ainihin alamun da masani zai duba. Baƙi-baƙin da ke jikin tsohuwar azurfa ba datti ba ne. A naɗe shi a takarda mai tsabta, a rubuta inda aka same shi da ranar da kuma abin da ke kusa da shi. Mu mutanen wannan yanki mun san amfanin wannan fiye da kowa. Kan yumɓun nan na Jama'a da aka tono a wurin haƙar kuza a 1943 ya yi wajen shekara guda yana aikin mutum-mutumi a gonar doya kafin ya kai hannun Bernard Fagg a Jos, wanda ya gane danginsa ne da abubuwan da aka samu a Nok tun 1928. Kawunan Nok suna da sura amma ba su da rubutu, ba wanda zai iya faɗin sunan mai fuskar. Ƙasar da suka kwanta a ciki ita ce kaɗai shaidarsu, kuma masu tonon sata sun lalata ta a wurare da yawa, musamman a shekarun 1990. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana fitar da kayan tarihi daga Nijeriya ba tare da izini ba. Gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, da na Kaduna su ne wuraren da ya dace a kai abin da aka tsinta, tare da takardar da aka rubuta inda ya fito.